Kuɗin Aljihun Hinako

"Narumi! Hawo ki ga abin da idona ya gani!"

Sakin ludayin miyar ta yi ta haura sama da gudu. Shekara biyu da aurensu, Shogo bai taɓa kiranta da irin wannan murya ba.

A ɗakin 'yarsa Hinako ta tarar da shi a durƙushe. Katifu ya zo ɗauka zai shanya a rana, sai wata ƙatuwar jaka ta faɗo daga cikin kabad ta tarwatse. Ƙwallayen roba ne, irin waɗanda yara ke jefa tsaba a inji su faɗo da ɗan abin wasa a ciki. Sun cika tabarmar ɗakin, wasu har suna gangarawa matakala. Kuma ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Yen ɗari uku ake sayar da kowanne," ya faɗa. "Yarinyar da ake ba dubu ɗaya a wata... ina ta samo kuɗin wannan tarkacen? Narumi, sata 'yata take yi?"

Kafin ta amsa, wata murya ta fito daga bayansu.

"Ba sata ba ce, Baba."

Tomoki ne a bakin ƙofa, ɗanta na auren farko, sa'an Hinako. Shi ma shekararsa sha biyu. Idonsa na kan yatsun ƙafarsa.

"Mama ce ke ƙara mata dubu biyar duk wata. A cikin jakar makarantarta take sakawa. Tun bara na gani."

Shogo ya juyo a hankali ya zuba mata ido.

"Ƙarya yake yi, ko? Ce min ƙarya yake yi."

"Baban Hinako, tsaya ka ji..."

"Ba mu muka zauna muka yi magana ba? Muka ce kowa dubu ɗaya, wanda ya ƙarar da nasa ya jira sabon wata? Ke kika kawo dokar nan, Narumi! Ke!"

Haka ne, ita ta kawo ta. Albashinsa gaba ɗaya yake damƙa mata kamar yadda kowane magidanci a unguwar ke yi, ita ke ware masa na abincin rana, ita ke ba yara nasu. Bai taɓa tambayarta yadda ta yi da ko sisi ba.

"Tsoro nake ji!" Hawayen suka ɓalle mata. "Ranar ɗaurin aurenmu da kunnena na ji gwaggonnin Hinako suna cewa marainiya ta shiga hannun matar uba. Kullum gani nake idan ta rasa wani abu za a ce ni na hana ta. Na ce gara ta samu ya yi yawa..."

"Shi kuma fa?" Ya nuna Tomoki. "Yaron nan tun lokacin sanyi yake tara kuɗin takalmin ƙwallo. Ya roƙe ki ki ba shi na wata biyu a haɗe, kika ce dole ya koyi haƙuri. Ni kaina na yaba miki ranar!"

Ta waiwaya ta kalli ɗanta. Sai yanzu ta lura da yadda yake cije leɓe.

"Tomoki... me ya sa ba ka taɓa yi min magana ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Na ɗauka kin fi son ta ne. Ai ba komai."

Ji ta yi kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara.

Daidai lokacin aka turo ƙofar gida. Hinako ce ta dawo daga koyon ninƙaya, gashinta bai bushe ba. Tana hawowa ta ci karo da ƙwallo a matakala, ta tsaya cak. Fuskarta ta yi fari fat.

"Zo nan," in ji Shogo. "Idan ba kya son su, don me kike saya? Ko guda ba ki buɗe ba!"



"Hinako, magana nake miki!"

Yarinyar ba mahaifinta ta kalla ba. Narumi ta kalla.

"Jira nake Anti ta yi min faɗa."

"Me... me kika ce?"

"Ranar da Tomoki ya kashe kuɗinsa a kan alewa, sai da kika yi masa faɗa har maƙwabta suka ji. Kika hana shi kallo na sati ɗaya. Ni a gabanki na zuba dubu uku a inji a bakin tasha, kina tsaye da kwandon cefane... murmushi kika yi. Kika ce min sun yi kyau. Na ƙara, kika ƙara min kuɗi. Na sake ƙarawa, kika sake. Baƙi ake yi wa haka, Anti. Ni baƙuwa ce a gidan nan? Yaushe zan tafi?"

Narumi ta zube a kan gwiwoyinta cikin ƙwallayen. Duk dare tana kwana da tunanin ta kyauta wa yarinyar nan. Ashe yara biyu take yanka da wuƙa ɗaya, kowanne yana ganin ɗayan aka zaɓa.

Shogo ya sunkuya ya riƙe kafaɗarta. Fushin ya bar fuskarsa, sai jan ido.

"Ni ma da laifina, abar ƙaunata. Na bar miki komai na koma gefe ina jin daɗi. Ban taɓa tambayarki ko nauyin ya yi miki yawa ba."

"Ka yafe min..."

"Ni na yafe. Ga waɗanda za ki roƙa nan."

Tomoki ta fara jawowa ta rungume. "Ɗana, na zalunce ka. Ban fi son kowa a kanka ba, ka ji? Gobe za mu je a auna ƙafarka. Abin da ka tara ka biya rabi, ni da Babanku mu cika."

Yaron ya cusa fuskarsa a wuyanta, kafaɗunsa na girgiza.

Sannan ta share hawayenta da bayan hannu, ta miƙe tsaye, ta ɗaure fuska tamau.

"Ke kuma Hinako! Kina da hankali kuwa? Kuɗin da ubanki ke fita tun sassafe yana nema shi kike zubawa a inji? Ki tattara su yanzu ɗaya bayan ɗaya! Ranar kasuwar gwanjo ta unguwa da kanki za ki zauna ki sayar da su. Kuma wata uku ba ki ba kuɗin aljihu!"

Hinako ta zaro ido, hawaye na zuba, bakinta a buɗe.

"Wata uku?! Tomoki sati ɗaya kawai aka yi masa!"

"Tomoki alewa ya saya, ke shago kika kwaso! Ƙara magana ɗaya ya zama huɗu!"

"Wannan ai mugunta ce!"

Ta buga ƙafa a ƙasa, ta ture su waje, ta maido ƙofar ɗakinta da ƙarfi har bango ya amsa.

Narumi ta tsaya a baranda. Ta juya da fargaba ta kalli mijinta, ko ta wuce gona da iri.

Shogo kuka yake yana dariya. Ya kamo hannunta ya matse a ƙirjinsa.

"Tun da mahaifiyarta ta rasu," ya ce a hankali, "yau ne karo na farko da na ji ta buga wa wani ƙofa."