Tazarar Katakon Dogo

Diga muka manta a lambun, ita ta mayar da mu can dab da magariba, ni da Yayana.

Gidan a kan gangare yake. Matar gidan ta ba mu aikin katangar da za ta tare ƙasa kada ruwa ya kwashe mata shuke-shuke, ita kuma ta yi tafiya ta bar mana makulli. Da tsohon katakon layin dogo muka yi aikin, irin baƙin nan mai nauyi da aka jiƙa da mai don kada gara ta ci. Mun kafa ginshiƙai, mun ɗora katako kan katako har ƙirji, mun cika bayansa da tsakuwa. Guda goma sha biyu suka rage. Da rana Yaya ya tafi sayo ƙusoshi, ya ce in shimfiɗa su a ƙasa su zama hanya daga ƙofa zuwa katangar.

Babanmu a layin dogo ya tsufa, kuma doka ɗaya ya bar mana. In za a kwantar da wannan katakon, a karkace wani, a matso da wani, kada tazararsu ta zo daidai yadda take a kan layi. Ya ce ba jirgi kaɗai ke bin layi ba, akwai waɗanda ido ba ya gani, kuma in an cire musu hanya ba sa daina nemanta.

Ni kuwa na tsani karkataccen aiki, wallahi har kaina yake sa wa ciwo. Na ɗauko igiya da ma'auni na jera su reras, na tsaya ina yaba kaina.

Yaya bai dawo wurin aikin ba, a gida muka haɗu. Bai gani ba sai da muka buɗe ƙofar lambun. Ya ja ya tsaya.

"Auta, uban wa ya ce ka auna?"

"Haba Yaya, maganar tsofaffi ce kawai."

Ya taka kan katakon da sauri zai ɗauko digar da ke jingine da katanga. Ya ɗauka, ya juyo. Yana kan na bakwai warin ya taso, warin baƙin mai da aka ɗora a wuta. Tsuntsayen da ke kan bishiya suka yi tsit. Daga ramukan tsoffin ƙusoshi mai ya fara tsattsafowa yana tafasa.

Katako na bakwai da na takwas suka matse. Na ji ƙarar ƙashi.

Yaya ya faɗi a kan gwiwa, idon sawunsa na dama a tsakaninsu. Bai yi ihu ba. Ya dube ni, cikin raɗa ya ce, "Kana ji?"

Ina ji. Daga can bayan ƙofa, inda babu komai sai titi, wani abu yana tahowa. Ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Tsakuwa tana tsalle.

Na ruga na kama shi ta hammata na ja. Fatar ƙafar ta saɓule, jini ya wanke katakon, ƙafar ba ta fito ba. Ya kai mini naushi a baki har na ji haƙori ya karye.

"Bar ni, sakarai. Ɓata jerin."

Ya tura mini digar. Na koma kan na huɗu, na soka bakinta a ƙarƙashi, na danna da duk ƙarfina. Katakon da na ɗaga da hannuna ɗazu ya ƙi motsi. Man ya fallatso mini a hannu, fata ta tashi.

Ƙofar lambun ta ɓalle daga bango ta wuce ta saman kaina.

Katako na farko ya nutse cikin ƙasa. Na biyu ya nutse. Babu abin da ke kansu, amma ina jin hucinsa a fuskata, da muryoyi masu yawa suna magana ƙasa-ƙasa, kamar fasinjojin da suka gaji da tafiya.

Na uku.

Na saki digar na faɗa gefe. Tsoro ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Iskarsa ta ɗaga ni ta maka ni da bishiya. Ina kwance na ga Yaya ya jefar da jikinsa gefe iya inda ƙafar ta bar shi. Sai ƙara ɗaya, irin ta mahauci in ya sara ƙashi a kan gungume.

Abin ya daki katangar. Ginshiƙan suka kakkarye, katako ya tarwatse sama, ƙasar gangaren ta zubo ta rufe hanyar gaba ɗaya. Daga nan shiru, sai kiran salla daga nesa.

Da hannu na tono shi. Na ɗaure cinyar da igiyar awona, na goya shi zuwa titi, jininsa yana bin bayana har cikin takalmi.

Likita ya ce yankan tas yake daga ƙasan gwiwa, ya tambaye ni wane inji ne. Na ce ban sani ba. Guntun ƙafar ba a same shi ba, ko da aka kwashe ƙasar.

Kwana uku bayan haka Inna, mahaifiyarmu, ta zo asibitin tare da matar Yaya, mai cikin wata takwas. Da Inna ta ji da katakon dogo muka yi aikin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya jera?"

Na buɗe baki. Yaya ya riga ni.

"Ni ne, Inna. Na manta maganar Baba."

Matarsa ta fashe da kuka tana ce masa ya cuce su. Ina tsaye a bakin gadon riƙe da kwanon abincinsa. Yau shekara shida ke nan, ni nake tura kekensa zuwa masallaci, kuma har yanzu ban faɗa ba.