Farar Ƙasar Kwazazzabo

A yammacin ranar da aka gama shafen gidan Malam Abdulkahar a garin Batsari, babu wani abu a sama ko a ƙasa da zai sa mai hankali ya yi zaton sharri. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan itatuwan dalbejiya, awaki sun dawo suna cinkoso a bakin zaure, hayaƙin tuwo ya kwanta bisa katangu. Maigidan na zaune kan tabarma a tsakar gida, buta a gabansa, yana duban bangon ɗakunansa da suka yi fari sol, irin duban da mutum kan yi wa dabarar da ta fito daga kansa shi kaɗai. Matarsa Turai na tuƙi a murhu. Ɗiyarsu Mubina kuwa, budurwa mai natsuwa wadda ake shirin yi wa walimar saukar Alƙur'ani, tana durƙushe a bakin rariya tana wanke hannuwanta, farin ruwa na gangarawa.

Ladan ya ɗaga murya ke nan, sai dutse ya faɗo bisa rufin kwano.

Turai ta ce yaran maƙwabta ne, Allah ya shirye su. Malam Abdulkahar ya leƙa waje, bai ga kowa a lungun ba. Kafin ya juyo wani ya sake faɗowa, wannan karon a tsakiyar gida, kusa da ƙafar Mubina. Ya ɗauka ya duba. Curin farar ƙasa ne, ɗanye sharaf, mai sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga rami.

Wajibi ne a nan a bayyana yadda wannan ƙasa ta shigo gidan. Malam Abdulkahar ma'aikacin gwamnati ne mai matsakaicin ƙarfi, wanda likita ya shaida wa cewa jininsa ya hau, ya kuma umarce shi da yawan tafiya a ƙasa. Saboda haka ya ɗora wa kansa al'ada: kowace Asabar sai ya hau babur zuwa bakin gonakin da ke wajen Ruma, ya jingine shi gidan wani aboki, ya kama burtali da sanda a hannu, ya bi ƙananan hanyoyin da manoma da makiyaya suka taka, ya kewayo. Mutanen ƙauye kan yi masa dariya, su ce ga mai babur yana wahalar da ƙafarsa a banza. Shi kuwa ya sami abin da yake so a cikin tafiyar, har ya san kowace tsamiya da kowane fako, ya kuma san iyakar inda mai son ransa ke tsayawa saboda ɓarayin daji.

Da walimar Mubina ta matso, ya yi mata alkawarin za a yi wa gidan fenti, domin kada ƙawayenta na Islamiyya su zo su tarar da bango ya yi dusu-dusu. Ya je kasuwa ya taya bokitin fenti, ya ji kuɗin, ya yi godiya ya fito. A Asabar ɗin da ta biyo baya ne ya zarce iyakarsa kaɗan, ya gangara wani kwazazzabo da ruwa ya zaftare, ya ga gefensa ya yi fari kamar an zuba gari. Ya tuna yadda mahaifiyarsa kan jiƙa farar ƙasa, ta zuba ƙaro don ta kama bango, ta shafe ɗaki da tsintsiya. Ya kuma tuna, domin abin ba ɓoyayye ba ne a gare shi, cewa masu ɗibar ƙasar nan ba sa taɓa ta idan rana ta yi sanyi, kuma sukan yi sallama kafin su kafa fartanya, su mai da bakin ramin bayan sun gama. Amma rana ta riga ta karkata, wurin ba na daɗewa ba ne, shi kuma ba ya cikin masu gaida rami. Ya fasa da sandarsa, ya cika buhun da ya samu, ya bar wurin a buɗe ya yi gaba.

Mubina ce ta yi aikin shafen. Ita ta tankaɗe ƙasar, ta jiƙa, ta sa ƙaro da ɗan bula, ta bi bango da tsumma a tafin hannunta na dama, tana yi tana tilawa ƙasa-ƙasa.

Daga wannan yammaci gidan bai sake ganin almuru lafiya ba. Da zarar inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai kaji su yi tsit, jifa ta fara. Ba a taɓa jin ta sami kowa ba, sai dai ta faɗi kusa da mutum, kamar ana nuna masa cewa an ga inda yake. Sannan aka fara jin motsi a cikin bangon kansa, wani irin ƙarƙara a hankali, kamar ana karta da farce daga ciki. Wata rana Turai ta rantse ta ji kukan jariri a kusurwar ɗakin Mubina, a wurin da babu kome sai bango. Maƙwabta suka rage shigowa. Yaran da kan zo sayen ƙuli-ƙulin Turai suka koma tsayawa a zaure suna miƙo kwano.

Malam Abdulkahar ya yi duk abin da mutum irinsa kan yi. Ya hau rufi ya duba, ya kwana biyu yana zargin wani maƙwabci, ya kunna karatu a wayarsa ya ajiye a taga. Bai gaya wa kowa inda ya samo ƙasar ba, kuma ko a ransa bai yarda ya haɗa wannan da wancan ba.

Sai abin ya koma kan Mubina. Da farko hannunta na dama ne kan yi sanyi ƙalau idan magariba ta gabato, ya sandare har ta kasa riƙe cokali. Daga nan karatun ya fara kuɓuce mata. Yarinyar da ke zuba sura kamar ruwa, sai ta buɗe baki ta tsaya, idanunta su cika da hawaye, ta ce, “Baba, na san ta, amma an riƙe mani.” Rannan da yamma Turai ta shiga ɗaki ta same ta tsaye, goshinta manne da bango, tana kankare farin da farcenta tana tarawa a bakin zanenta. Da uwar ta taɓa ta, sai ta juyo da fuskar da ba tata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa, ta ce a sake ta, kayanta take kwashewa.

Aka kai ta asibiti a Katsina cikin motar haya. Aka auna jini, aka duba kai, aka ce ba a ga kome ba, aka ba da maganin barci. A hanyar dawowa Malam Abdulkahar ya zauna yana riƙe da sanyayyen hannun ɗiyarsa, yana duban gonaki na wucewa, ya rasa ko da abu ɗaya da ya rage a cikin iyawarsa. Turai ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce a aika Babban Duhu a kira Malam Sharhabilu, malamin da ya gaji tsangaya daga kakanninsa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura ruƙiyya.

Malamin ya iso bayan la'asar a bayan babur, dattijo siriri mai ƙaramar murya. Aka yi doguwar gaisuwa a zaure, ya tambayi iyali da aiki da damina. Da ya shigo tsakar gida bai tambayi mara lafiya ba tukuna. Ya tsaya ya dubi bango, ya shafa da yatsa, ya sansana, ya tambayi maigidan inda aka ɗebo. Malam Abdulkahar ya faɗa masa, har da lokacin. Sai malamin ya nemi ruwa da ganyen magarya.

Aka zaunar da Mubina a kan tabarma, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Malam Sharhabilu ya fara karatu a hankali, ba ya gaggawa, ba ya ɗaga murya. Inuwa ta yi ta tsawo. Jifa ta sauko bisa kwano kamar ƙanƙara, sannan ta ɗauke gaba ɗaya, gidan ya yi shirun da har ana jin numfashin Turai. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, wuyanta ya langaɓe, ta yi wani dogon nishi irin na wanda ya sha tafiya.

“Ya isa, Malam, kana ƙona ni,” in ji muryar.

Malamin ya tambaye ta ko wace ce, kuma ko Musulma ce. Ta ce ita Musulma ce, sunanta kuwa ba shi da amfani gare shi. Ta ce asalinsu can cikin dajin suke tun kafin a sari gonar farko a Ruma, har masu bindiga suka cika dajin da ƙara da jini da hayaƙi, zama ya gagare su kamar yadda ya gagari mutane. Ta kwaso jikokinta ta fito gefe, ta sami wannan kwazazzabo ta gina masu ɗaki. Ba su daɗe da samun barci ba, sai ga mutum da sanda ya fasa masu bango da almuru, ko sallama babu, ya bar su a fili ruwa na dukansu.

“Mu ma gudun hijira muke,” ta ce. “Ya ɗauke mani bango ya liƙa a nashi. To, inda bangona yake nan ne gidana. Wannan kuma ita ta shafa shi da hannunta, hannun nawa ne.”

Malamin ya ce mata yarinya ba ta da laifi, kuma zalunci haramun ne a kan mutum da aljan baki ɗaya. Ta ce to a yanka mata baƙin bunsuru a bakin ramin. Ya ce ba za a zubar da jini don wanin Allah ba, ko da gidan zai tashi, ya ci gaba da karatu har ta yi kururuwa ta ce ta janye. Ta nemi a bar mata ɗakin yarinyar ta zauna da jikokinta. Ya ce wannan ma babu. Amma ƙasa, in ji shi, hakkinta ce, za a mayar mata, wanda ya ɗebo ta, shi zai kai da ƙafarsa, ya yi sallama, ya rufe abin da ya buɗe.

“Duka?” in ji ta.

“Duk abin da hannu ya iya kankarewa.”

Muryar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta ce ta yarda, za ta fita ta saki karatun yarinyar, ta kuma rantse da Wanda ya halicce ta ba za ta sake shiga jikinta ba. Amma duk ƙwayar da ta rage a gidan tata ce, kuma ba wanda zai hana ta zuwa duba kayanta. Malamin ya matsa mata a kan wannan, ta ce iyakar gaskiyarta ke nan, ko shi bai isa ya sa ta manta da abin da yake nata ba. Mubina ta yi atishawa, yatsun hannunta na dama suka miƙe suka saki, ta faɗi jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta tambaya ko an yi magariba.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Abdulkahar ya yi su ne da wuƙa da guntun kwano a hannu, yana kankare bangon da ya yi alfahari da shi. Turai na shimfiɗa zane a ƙasa tana tare garin. Ranar Asabar ya ɗaura buhun a bayansa, ya bi burtalin, a lokacin da ko manoman wurin sun daina zuwa gonakin da ke wannan gefe. Ya isa kwazazzabon da hantsi, ya yi sallama da murya kamar mai shiga gidan surukai. Ba a amsa ba. Ya juye ƙasar, ya danna ta da tafin hannu, ya rufe ramin.

Jifa ta ɗauke. Karatun Mubina ya dawo, aka yi walima a gidan da bangonsa ya yi zane-zane kamar ya yi ƙyanda, ta karanta abin da aka ba ta ba tare da tuntuɓe ba, mata suka yi ta sa albarka.

Sai dai bangon gidan tsoho ne, mai tsaga da ramuka, kuma ruwan farar ƙasa ya shiga inda wuƙa ba ta kaiwa. Wata magariba bayan walimar, suna zaune ana shirin cin tuwo, cokali ya suɓuce daga hannun Mubina. Ta dubi hannun, ta dubi mahaifinta, ta ɓoye shi cikin mayafi ta ce ba kome, ɗan sanyi ne, yanzu zai wuce. Ya kuwa wuce. Bayan 'yan kwanaki ya dawo. Aka koma wurin Malam Sharhabilu, ya ce aljanar ba shiga ta yi ba, duba kayanta ta zo, kuma ta faɗa tun farko. Ya ba da addu'o'in safe da yamma, ya ce a ci gaba da nema.

Har yau, duk wanda ya shiga gidan da yamma zai tarar da Malam Abdulkahar durƙushe a gindin bango da allura da tabarau, yana tsokano farin da ya maƙale a cikin tsaga, yana tarawa a kwalin ashana. Abokinsa na Ruma ya tashi ya koma Katsina, saboda haka yanzu a gindin wata tsamiya yake jingine babur. Turai ta roƙe shi ya bari, ta ce hanyar ta lalace, ranar nan ma an ɗauki mutane a kanta. Ya ce ya ji. Amma kowace Asabar sai ya sa kwalin a aljihu, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗiyarsa ya ce ta miƙo hannu. Ya riƙe shi ɗan lokaci, yana jin ɗuminsa, sannan ya fita.