Injin da Awudu Ya Ɗauko Daga Dapaong

Rana ta yi ja a kan unguwar Komah ta garin Sokodé sa'ad da Awudu ya ɗaure noti na ƙarshe. Ƙaramar taraktar da yake kaftun lambunsa da ita ta daɗe kwance a tsakar gida, injinta ya mutu, har kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Yau ya ɗora mata wani. Ramukan ƙusa ba su dace ba sai da ya huda sababbi. Ya goge kaskon man da ya zo da injin, ya yanka kwali mai kauri ya sa tsakani don kada ya yi yoyo. Ya ja igiya, tarakta ta yi tari ta ɗauka.

Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka. Wani ya ce, "Ina ka samo shi?"

"A Dapaong, wurin masu tsofaffin ƙarafa," in ji Awudu, bai ɗaga kai ba.

Ana kiran magariba ya kashe ta ya ɗauki buta. Bai gama alwala ba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo, wani ya biyo, alhali babu kowa a layi. Matarsa Rachida ta ɗauki ɗaya ta yi maza ta yar: da ɗumi yake, jage-jage da baƙin mai. Gida ya yi tsit. Cikin wannan shirun tarakta ta tashi da kanta, igiyarta na reto, babu hannu a kai.

Haka aka riƙa yi kowace magariba. Awudu ya cire waya, ya zuƙe mai, ya lulluɓe ta da tamfol, duk a banza. Sai wata rana 'yarsa Khairiya, mai koyon ɗinki, ta dawo daga shago ta yanke jiki ta faɗi a gindin taraktar. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito, tana magana da yaren Moba na mutanen Dapaong, wanda yarinyar ba ta taɓa koya ba.

Rachida ta ce, "Maigida, a kira Alfa."

Ya yi ta ja da baya, don ya san abin da yake gudu. Ita da kanta ta yafa mayafi ta kirawo Alfa Sharifuddeen, malamin da ake kai wa irin wannan a Sokodé. Maƙwabta suka biyo shi suka cika ƙofa.

Alfa ya zauna ya yi ta karatu a hankali har jikin Khairiya ya soma rawa. Ya ce, "Wace ce ke? Yi Hausa mu ji."

"Mazauniyar kaskon nan ce ni," in ji muryar. "Tun rasuwar Fuseini nake ciki da 'ya'yana. Injin ban ruwansa ne. Wannan ƙanensa ya je wa matar marigayin gaisuwa, ya ja igiya da famfon mai a rufe, ya ce mata injin ya mutu, bari ya kawar mata da shara. Albasarta tana can tana bushewa, da bokiti take ban ruwa."

Babu wanda ya dubi Awudu, wannan kuwa ya fi masa zafi da a ce an zage shi. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Muryar ta ci gaba, "Ya zuba mana mai, ya kunna mana wuta babu bisimilla, ɗana ya ƙone a ƙafa. Ni kuma zan riƙe 'yarsa."

Alfa ya ce, "Yarinya ba ta taɓa ƙarfen nan ba. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku. Faɗi abin da za a iya."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe ta ce a mai da ita inda aka ɗauko ta, wanda ya kwance injin shi zai ɗaura da hannunsa, ya kuma faɗa wa matar gaskiya da bakinsa.

"Na yarda," in ji Awudu, da ƙyar aka ji shi.

Khairiya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido ta ce, "Baba, me ya tara mutane?"

Da safe ya kwance duk abin da ya ɗaura, ya sa a motar Dapaong. Ya iske Memounatou, matar wansa, a bakin rijiya da bokiti, hannuwanta duk kanta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Bai sha ba sai da ya mai da injin mazauninsa, ya yi bisimilla ya tayar, ruwa ya kwarara cikin kwamin albasa. Sannan ya durƙusa.

"Yaya, ƙarya na yi miki. Injin lafiyarsa ƙalau."

Ta dubi ruwan ta ce, "Na sani, Awudu. Ana gobe za ka zo na yi ban ruwa da shi. Muryarka irin ta marigayi ce, kunya ta hana ni ƙaryata ka."