Ranar da Kekunan Haya Suka Ɓata a Isa

Hantsi bai gama ɗagawa ba Hajiya Binta ta faɗo ofishin 'yan sanda na Isa tana haki. Ita ce shugabar kwamitin kekunan haya. Tun da aka taƙaita hawa babur saboda 'yan bindiga, mutane suka koma taka sayyada zuwa asibiti da kasuwa. Shi ne 'yan kasuwa da mata suka yi karo-karo, aka sayo kekunan gwaji goma sha biyu. Wata ƙungiya daga Sakkwato ta ce in abin ya yi kyau, za ta ɗauki nauyin tashoshi a Isa da Sabon Birni.

"Yallaɓai, an kwashe kekunan!" in ji ta. "Kuma 'yan sa-kai sun riƙe Kalilu mai gyaransu, sun ce infoma ne."

Sufeto Kamaluddeen ya miƙe zumbur. A yankin nan, wanda aka kira ɗan leƙen asirin 'yan bindiga da safe, da wuya ya ga la'asar.

Da ƙyar ya ƙwato Kalilu a bakin kasuwa, riga a yage, baki na jini. Ya kulle shi a sel, don nan ne kaɗai adda ba ta kaiwa. Jama'a suka biyo baya suka tsaya a ƙofa.

"Bafillace na, danginai na daji!" wani ya yi ihu. "In ba ku iyawa, ku ba mu shi!"

A shagon da aka ajiye kekunan, Sufeto ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu. A ƙasa ga sawun amalanken shanu, ga karan gero a warwatse.

"Su wa ke da makulli?" ya tambayi Hajiya Binta.

"Kalilu, sai Malam Atiku ma'ajinmu."

Ya koma sel. Kalilu na rakuɓe a lungu.

"Ina kake jiya da rana?"

"Gida, yallaɓai."

"Matarka ta ce ba ta gan ka ba sai magariba."

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Ruga nit tahi, wajen Inno, uwata. Ba ta da lahiya. In na hwaɗi haka a gaban mutanen can, yanka ni za su yi."

"Kana da amalanke?"

"Ko jaki ban da shi."

Malam Atiku kuwa, a ƙofar gidansa aka same shi, da carbi, yana ta salati kamar shi aka yi wa rasuwa.

"An ce jiya an gan ka da amalanke, an lulluɓe kaya da kara," in ji Sufeto. Babu wanda ya ce masa haka. Jefa ƙugiya kawai ya yi.

"Hatsina ne nid ɗauko daga gonata ta hanyar Turba. Laihi ne mutum ya kawo geronai gida?"

"Ba laifi ba ne. Allah ya sa albarka."

A hanya Sufeto ya maimaita wa Hajiya Binta zancen. Ta tsaya cak.

"Gonar Turba? Bana wa ya noma can? Mutanen daji sun hana kowa shiga. Shi kanshi Atiku awo yake yi tun bazara."

Suna isowa kusa da ofis, suka ga taron ya ninka. Wani matashi na riƙe da galan ɗin fetur. Sufeto ya kutsa cikin taron. Ya ce wa Saja Marwan ya tsare ƙofa da ransa, ya ja manyan 'yan sa-kai biyu suka bi shi gidan ma'aji.

Rumbuna biyu na ƙasa ne a bayan gidan. Ɗaya a buɗe, wayam. Ɗayan an liƙe bakinsa da laka, irin yadda ake yi in an gama zuba damman gero. Sufeto ya hau tsani ya danna yatsa. Lakar ɗanya ce. Ya dubi ƙasa. Kajin gidan na can gindin turmi, ko ɗaya ba ta waiwayi rumbun ba.

"Malam Atiku, kajinka azumi suke yi? An zuba gero jiya, amma ko tsaba babu a ƙasa?"

"Yallaɓai, ba a buɗe rumbun mutum ba da izninai ba!"

"To, ba ni izni."

Bai jira amsa ba, ya fasa lakar. Ƙahon keke ne ya fara leƙowa, da ledarsa sabuwa.

Atiku ya zube ƙasa. "Wallahi ba sayarwa za ni yi ba. Tun da anka ce ƙungiyar Sakkwato za ta zubo kuɗi, ake nuna ni, ana ga mai riƙon miliyoyi. Magana ta kai daji. Sun aiko a gaishe ni, sun ambaci sunan ɗiyata Khairat. Nic ce in kekunan sunka ɓata, shirin ya mutu, su manta da ni."

"Shi kuma Kalilu fa?"

"Na ɗauka duka kawai za a yi mai."

Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji kamar ya shara masa mari. Ya sa masa ankwa. Aka turo kekunan har ƙofar ofis, Atiku ya maimaita maganarsa a gaban jama'a. Taron ya watse a hankali, kowa na kallon ƙasa, kamar ba su ne masu ihu ɗazu ba.

Sufeto ya buɗe sel. "Fito, Kalilu. An wanke ka. Gobe ka koma aikinka."

Kalilu bai motsa ba.

"Yallaɓai, wanda yaz zo da galan ɗin fetur, Hafizullahi na, maƙwabcina. Tare muke cin tuwo. Ka bar ni nan tukuna."

Sufeto ya juya. Ya shigar da Atiku ɗaya sel ɗin ya kulle, ya bar ƙofar Kalilu a buɗe. Har aka kira la'asar Kalilu bai fito ba.