Eka ta Huɗu

Ranar da Rauda ta fara ganin Sagiru, a cikin kanal ta gan shi, ruwa har gwiwa, yana kokawa da wani tiyo da ya ƙi jan ruwa zuwa gonarsa. Ta taho daga Bunkure da abincin masu aikin gonar mahaifinta, Malam Dalhatu, sai ta tarar an sako ruwa ya shanye 'yar gadar da ake tsallakawa. Ya ɗago ya ga tana waige-waige. Sai ya janyo wani falanki ya gitta mata, ya danne bakinsa da ƙafa har ta haye.

Ta yi godiya ba tare da ta kalle shi ba. Sai da ta yi nisa ta waiwayo, ta ga ruwa ya tafi da tiyon, shi kuwa yana tsaye bai ma sani ba.

Kafin satin ya fita ya gano gidansu, ya fara sallama a zaure. Ita Rauda ba ta da saurin yarda da mutum. Difloma ta yi a kan lissafin kuɗi, ita ke riƙe da kuɗin Islamiyyar mahaifinta, kuma ko mai shago ya ba ta canji sai ta ƙirga a gabansa. Amma Sagiru ya shiga ranta tun ba ta gama bincikensa ba, abin da ya ba ta haushi ƙwarai.

Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Zinariyata, an tashi lafiya? Yau ma an sako ruwa, falankina yana nan yana jiran mai shi."

Takan amsa: "Lafiya lau, Sarkin Albasa. Ka dai riƙe tiyonka."

A zance ne ya gaya mata babban burinsa. Wai so yake ya ɗebi iyalin gidansu su tafi hutu Zanzibar, wani tsibiri a tsakiyar teku, garin Musulmi, inda ake noman kanumfari. Ta zaci wasa yake, sai ta ga ya gyara zama yana zayyano mata abin da tafiyar za ta ci: fasfo, biza, tikitin jirgi, masauki, abinci, har kuɗin jirgin ruwa. Bai ajiye ko kwabo a banki ba. Kasafinsa a ƙasa yake, domin gonar albasarsu eka huɗu ce, kuma kowane matafiyi da ekarsa. Abin da ekar mutum ta kawo, shi ne kujerarsa da makwancinsa da cinsa. Sagiru ya zama mai waya a hannu, ido ɗaya a kan farashin dala, ɗaya a kan farashin buhun albasa.

Da labarin ya kai kunnen Malam Dalhatu, ko kaɗan bai yi masa daɗi ba. Ya ce wa Umma, mahaifiyar Rauda, wanda Allah ya hore wa kuɗi ai Umra yake zuwa, ko ya sayi injin ban-ruwa. Yaron da zai kwashi gumin shekara ya je kallon ruwa, alhali ga ruwa a bayan gidansu, ba shi da alamar riƙon gida. Ga kuma Amiru, ɗan mai injin casar shinkafa na Kura, ya daɗe yana zarya da motarsa, iyayensa har sun turo. Malam ya ce ba zai matsa wa Rauda ba, amma kafin azumi ta tsayar da mutum ɗaya, domin ba ya son zaurensa ya zama kasuwa.

Rauda ta riga ta tsayar a ranta. Abin da ya rage ta faɗa, sai ga wannan ranar.

Ta kai abinci gona kamar kullum, Sagiru ya tare ta a kan gaɓar kanal yana nuna mata gonar daga nesa. Wannan ta Inna ce, mahaifiyarsa. Waccan ta ƙanwarsa Nana Aisha. Ta kusa da bishiyar mangwaro tasa ce. Sai ya yi ƙasa da murya ya nuna ta can ƙarshe.

"Waccan kuwa taki ce, Zinariya. Satin da na fara ganinki na dasa ta."

Ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Sannan ta kalli albasar.

A cikin fangalin albasa Rauda ta yi rarrafe, ba za a koya mata shekarun shuka ba. Eka ukun nan ganyensu a tsaye yake, kore shar. Ta huɗun kuwa ganye ya fara kwanciya, kawuna sun tsage ƙasa sun leƙo, ba ta fi 'yan kwanaki a cire ta ba. Wannan albasa ta girmi sauran da fiye da wata guda, kuma ta girmi haɗuwarsu nesa ba kusa ba. An dasa ta tun Rauda ba ta san akwai wani Sagiru a duniya ba.

Ta yi murmushi ta ce Allah ya sa albarka, ta ɗauki kwanukanta. Tun daga nan har gida tambaya ɗaya ke bin ta: to wa aka dasa wa?

Ba ta tambaye shi kai tsaye ba, saboda tana tsoron amsar. Sai ta koma bincike irin nata. Ta tuna duk sanda ta taɓo zancen yadda aka faro shirin tafiyar, yakan karkata ya shiga labarin farashin dala. Ta tuna ranar da wayarsa ta yi ƙara a zaure ya kife ta. Abubuwan da a da ba ta ɗauke su komai ba, yanzu kowanne ya tashi da ƙafafunsa.

Amiru kuwa kamar an aiko shi. Yana zuwa zance ya jefa maganar cikin dariya, wai ai duk Kura an san Saude, 'yar kawun Sagiru, da ita aka tsara tafiyar, sai daga baya aka ji shiru. Ya ce shi dai ba ya son a mayar da 'yar Malam cikon kujera. Rauda ta san Amiru ba don Allah ya faɗa ba, amma maganar ta zauna daidai inda albasar ta bar mata rami.

Da la'asar ta tura saƙo: "Sarkin Albasa, wane iri ka dasa a ekata? Na ga ta fi sauran sauri."

Can sai ga shi: "Albarkacinki ne, Zinariya. Komai naki da sauri yake."

Ta karanta ta ajiye wayar, ta yi kuka. Da ma iri ne mai saurin nuna, da ya faɗi sunansa, don Sagiru ba ya gajiya da zancen iri. Daga ranar ta daina amsa saƙonninsa. Idan ya yi sallama sai ta aika a ce ba ta jin daɗi, hanyar gona ma ta canza. Saƙonni suka yi ta taruwa.

"Zinariya, me na yi? Ki faɗa mini laifina ko da zagi ne."

"Na cire albasarki yau. Ta yi kyau, amma ban ji daɗin komai ba."

Azumi yana ƙaratowa, Umma ta fara yi mata kallon tambaya. Rauda ta auna ta ga Amiru ba ya ranta ko na anini, amma dai bai taɓa ba ta abin wata ya ce nata ne ba. Ta yanke ranar Juma'a za ta ce wa Malam ya amsa wa mutanen Kura, ko da za ta daɗe tana kuka.

Ranar Alhamis da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama, mai a-daidaita-sahu na biye da ita da buhun albasa. Inna Adama ce, mahaifiyar Sagiru. Rauda ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta shige ɗaki da sauri don kunya. Sai dai ta zauna a bayan labule, domin kunya ba ta hana ta ji.

Ba zancen aure ya kawo Inna ba. Ta ce wa Malam da Umma buhun farko ne daga shukar marigayi maigidanta, Malam Isiyaku, ta kawo sadaka makaranta a yi masa addu'a. Malam Dalhatu ya san shi sarai, marigayin ne ya yi shekara da shekaru yana buɗe ƙofar ruwa a sashensu, ba a taɓa jin ya fifita gonar mai kuɗi a kan ta talaka ba. Rauda ma ta san mahaifin Sagiru ya rasu a ƙarshen damina, amma Sagiru bai taɓa yarda hira ta tsaya a kansa ba.

Inna ta ce tafiyar nan da ake ta surutu a kanta, ai burin marigayi ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna wa mutane ruwa, ya ce yana so kafin ya mutu ya ga ruwan da ba a auna shi. Ita kuma da ke sayar da kayan ƙamshi ya yi mata alkawarin nuna mata bishiyar kanumfari. Shi ya raba gonar kowa da ekarsa, ya riga kowa zuba irinsa don zumuɗi. Irin bai isa dashe ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan an yi rabon gado 'ya'yan suka ce a bar ekar, ita ta ce a dasa.

"Na ce kujerar Malam ba za ta tafi ba kowa ba," in ji Inna. "Duk yarinyar da Allah ya kawo gidan nan, surukinta ya riga ya biya mata. To ga shi yaron ya samo wadda yake so, yanzu kuma ko abinci ba ya ci."

Umma, wadda tsegumin ya riga ya kai kunnenta, ta yi wayo ta tambayi lafiyar Saude. Inna ta ce lafiyarta ƙalau, ai bayan Salla za a kai ta gidan mijinta a Garun Mallam, shekara biyu ke nan da sa rana.

A bayan labule Rauda ta toshe bakinta da mayafi. Kunya ta kama ta, da tausayi, da kuma haushin Sagiru sabo fil.

Da yamma ta aika masa kalma ɗaya: "Zo."

Ya zo ya rame, hularsa a karkace. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Don me ka ce don ni ka dasa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wace budurwa za a ce wa ga kujerar mamaci ki hau? Na ji tsoro ki camfa abin. Kuma ni har yau ba na iya kiran sunan Baba ban yi kuka ba, ban so ki gan ni haka."

"Sai ka zaɓi ka yi wa 'yar manomi ƙarya da albasa?" in ji ta. "Saura kwana ɗaya na ce a ba Amiru, Sagiru. Da ka gaya mini gaskiya, da na fi son ekar nan sau dubu. Kada ka sake rufe mini abu don ka faranta mini."

Ya yi alkawari, hawayen da yake ɓoyewa suka zubo a gabanta, kuma ba ta ga ya ragu da komai ba.

Malam Dalhatu ya sauko, amma da sharaɗi. A fitar da hakkin Allah daga amfanin gonar tukuna, sadaki da lefe kuma kada su taɓa ekar marigayi. Ya ce har yanzu shi bai ga abin kallo a ruwa ba, sai dai ba zai tsaya tsakanin Isiyaku da burinsa ba.

Kasafin kuwa Rauda ta karɓe shi, kuma nan ta gano Sarkin Albasa gwanin noma ne kawai. Bai sa kuɗin motar zuwa filin jirgi ba. Bai cire albasar da za ta ruɓe a rumbu kafin ta yi tsada ba. Tsaraba kuwa, a ce mutum huɗu daga Bunkure su ƙetare teku su dawo hannu biyu, ko tunaninta bai yi ba. Ta rage kwanakin, ta soke otal ɗin da ya gani a waya ta nemo gidan haya mai kicin, ta ce za a tafi da yaji da garin kunu da kilishi. Ta hana a sayar da albasar sai da damina ta faɗi, buhu ya yi tsada.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Dalhatu, masu noman rani suka cika layin har bakin kanal. Tafiyar kuma sai da rumbu ya koma kuɗi.

Da suka isa tsibirin, tun kafin su kwance kaya Inna Adama ta ce a kai ta bakin ruwa. Ta tsaya da takalmanta a hannu tana duban teku, ta duba dama, ta duba hagu, har inda ido ya gaza.

"Da marigayi yana nan," ta ce a hankali, "da tambayar farko da zai yi, ina ƙofar da ake rufe shi."

Nana Aisha ta yi dariya tana share ido. Sagiru ya kama hannun matarsa. Rauda kuwa ta tuna ganyen nan da ya kwanta a eka ta huɗu, wanda ya kusa raba ta da mijinta, ashe sadakar wani bawan Allah ce gare ta tun bai san sunanta ba. Ta ɗaga hannu ta roƙa masa gafara da rahama, ta roƙa wa gidan da ya bari zaman lafiya da zuriya mai albarka, suka shafa tare.

Sannan ta ce, "Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Na zo a kujerarka."