Bulo Mai Tauraro Biyu

Saura kaɗan a gama bangon ɗakin girki, bulo ya ƙare. Auta magini, ƙanin Yaya, ya leƙo daga kan tsani da cokalin gini a hannu.

"Yaya, kwaɓin nan ba zai kwana ba. Ƙaro min baro guda, irin na ɗazu. Baƙaƙen nan sun fi ƙarfe tauri."

"Kai ƙafafunka aro ne?"

"Ni injiniya ne, ba lebura ba."

"Injiniyan da bangonsa ke rusunawa kamar mai gaida suruki," in ji ta. Amma ta ja baron.

Ta wuce Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa. Ba su gaya masa inda suke ɗebo bulon ba, don ba ya son ko a ambaci wurin. A zamaninsa shi ne mai buga tambari a tsohon gidan bulo na bayan layin dogo. Duk jan bulon da ke tsofaffin gidajen unguwar yana da tauraro a cikinsa, kuma hannun Baba ne ya danna shi tun ƙasar tana ɗanya. An rufe wurin tun Yaya tana ƙarama. Idanun Baba sun tafi, amma ɗabi'ar aiki ba ta bar shi ba: ko ƙofar sito zai ja sai ya ce, "Akwai kowa a ciki?" Jikoki suna ta kwaikwayonsa. Ya sha gaya musu dalili. Ɗakin gasa bulo ba shi da ƙyaure, gina ƙofar ake yi a toshe ta kafin a sa wuta. Mai toshewa dole ya tambaya. Na ciki kuma ba ya amsawa da baki, don rurin wutar ɗakin da ke gefe yana cinye murya. Gasasshen bulo yake bugawa a jikin wani, ƙarar ta fita kamar ƙararrawa.

Rana ta yi ja lokacin da ta isa gidan bulon. Bututun hayaƙi yana tsaye, ciyawa ta fito a bakinsa. Ɗakunan gasawa a jere, kowanne da ƙofa mai baka, gajera. A gefen na ƙarshe ne ta sami tulin baƙin bulon nan da safe, ba siminti a jikinsu, kamar an ajiye mata. Kowanne tauraro biyu ne da shi, ɗaya kan ɗaya. Ta ɗauka hannun Baba ne ya goce.

Tulin ya kusa ƙarewa. Ta hango guda ɗaya can cikin ɗakin, inda sauran haske ya faɗa. Ta sunkuya ta shiga, ta ɗauka.

Da ɗumi.

Ta tsaya. Da safe wurin warin jemage yake yi. Yanzu ƙamshin ɗanyar laka ne, irin wanda Baba kan shigo da shi a riga. Ta miƙa hannu gefe, ta taɓa abu mai sanyi, mai laushi. Ɗanyen bulo ne, an jera shi har rufi, dama da hagu. Ɗan lungu kawai aka bari, daidai faɗin kafaɗunta.

A bayanta wani abu ya yi ƙas. Sannan karce-karcen cokali a kan laka.

Ta waiwaya. Layi ɗaya na bulo ya tare ƙasan ƙofa. Tana kallo wani ya sauka a kai, ya zauna, laka ta tsattsafo ta gefensa. Ba hannu. Ba inuwar kowa a waje, sai baronta.

"Auta?" in ji ta. "Auta, ba na son irin wannan wasa."

Ƙas. Ƙas.

Ta yi ƙofa. Zaninta ya maƙale a jikin ɗanyen bulo, ta fizga, ƙafarta ta nutse a laka har idon sawu. Kafin ta zare, ginin ya kai ƙirjinta. Ta tura da kafaɗa. Kamar ta tura dutse. Kowane bulo da ya sauka, cikinsa na fuskantarta kafin ya kwanta. Tauraro biyu.

Sai ta gane. Hannun Baba bai goce ba. Alama ce. Bulon toshe ƙofa ne ta yini tana kwasa.

Bayan bango wani abu ya fara ruri, ƙasa-ƙasa. Zafi ya taso ta tafin ƙafarta. Laka ta fara hayaƙi.

Hasken ya koma kamar tafin hannu. Gurbin bulo ɗaya, can sama.

Cokalin ya yi shiru.

"Akwai kowa a ciki?"

Raɗa ce daga waje, busasshiya, kamar toka na zuba.

"Ni ce! Akwai mutum! Don Allah, akwai mutum!"

Rurin ya haɗiye. Ita kanta ba ta ji kanta ba. Ta kama addu'a.

Wani abu ya rufe gurbin, ya shigo a hankali. Yatsu ne, dogaye, baƙaƙe, sun tsattsage kamar ƙasan tafki a rani. Suka buɗe a gaban fuskarta.

"Miƙo na ƙarshen."

Bulon da ta ɗauka yana hannunta. Yana ƙona ta. Hannunta ya fara ɗagawa da kansa, don ta huta da zafin.

Ba da baki ake amsawa ba.

Ta juya ta buga shi a bulon da ke gefenta. Ɗanye ne. Ya lotsa, bai yi ƙara ba.

Yatsun suka matso.

Ta haɗa hannu biyu ta maka shi a jikin baƙin bulon da ya toshe ƙofar.

Ƙarar ta tashi, siririya, ta zaga rufin ɗakin.

Ta sake. Ta sake.

Yatsun suka tsaya. Aka ja dogon numfashi a waje, irin na ma'aikacin da aka ɓata wa aiki. Suka janye. Bulo ɗaya ya fita daga sama. Wani ya bi shi. Ba ta jira a faɗaɗa ba. Ta saki na hannunta, ta cusa kai, ta cusa kafaɗa, fatar haƙarƙarinta tana salewa, ta faɗo kan ciyawa.

Ba ta waiwaya ba. Amma ta ji cokalin ya ci gaba, ta kuma ji ƙas ɗin ƙarshe.

A gida ta tarar da Auta zaune a ƙasa, ya rungume gwiwa. Bangon ɗakin girki duk ramuka ne. Duk inda ya sa baƙin bulo babu shi, kwaɓin kuwa ko bushewa bai yi ba.

"Yaya, ina tsaye a nan," in ji shi. "Wallahi ina tsaye a nan."

Baba ya ce a kawo masa ita. Ya kama hannunta ya buɗe, ya bi ƙunar da ɗan yatsa. Ya zaga tauraro na farko, ya zaga na biyu. Ya daɗe bai saki ba.

"Ya tambaya?"

"Ya tambaya, Baba."

"To, madalla," in ji tsohon. "Bai manta ba."

Da bulon siminti aka ƙarasa bangon. Yaya ta hana a sa wa ɗakin girkin ƙyaure, labule kawai ta rataya. Ƙunar ta warke, tabon bai tafi ba. Yanzu ita ce ke tsayawa a bakin sito da kwaɗo a hannu tana tambaya ko akwai kowa a ciki, kuma takan daɗe tana saurare. Jikokin sun daina dariya.