Ƙaramar Jaka da Saƙon Unguwa

A garinmu Mahadiyya, can bakin teku a ƙasar Tunisiya, an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana gaishe da manya, tana kuma ƙoƙari a makaranta. Aibinta ɗaya ne. Bakinta yana riga hankalinta tashi.

Babanta Munsif direban motar haya ne. Mamarta Najat ɗinki take yi a gida. Su ukun babu wanda ya taɓa hawa jirgin sama. Munsif ya daɗe yana son ya kai iyalinsa Istanbul, su ga manyan masallatan da ake ba da labari. Shekara da shekaru suna tari kaɗan-kaɗan. Najat ta haƙura da sabon firiji. Munsif ya daina zaman shagon kofi.

Suka zaɓi hutun makaranta na lokacin sanyi, don lokacin ne kuɗin jirgi ke sauka. Munsif ya je wurin mai sayar da tikiti, ya ce a ba shi mafi araha. Mutumin ya ba shi, ya kuma ja masa kunne. Irin wannan tikiti, in an fasa tafiya ba a mayar da kuɗi. Kuma kowa jaka ɗaya zai riƙe, ƙarama, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera.

Da suka zauna cin abinci, Munsif ya dubi 'yarsa.

“Tafiyar nan, kada kowa ya ji. Sai ana gobe za mu tashi, ni da kaina zan yi sallama da maƙwabta.”

“Don me, Baba?”

“Don na ce.”

Wannan amsa ta ishi yaro mai hankali. Amma ita sai ta ɗauka tsoron kambun baka yake yi, ta ce a ranta ai wannan tunanin tsofaffi ne.

Bayan 'yan kwanaki, malaminsu Sidi Hadi ya rataya taswira a allo, yana nuna musu ƙasashen da ke ƙetaren teku. Wani yaro mai suna Wasim, wanda kawunsa ke Faransa, ya juyo ya yi mata gwalo.

“Ke me kike kallo? Ko tashar motar babanki ba ki taɓa wucewa ba.”

“Sai ka yi ta zama da hoton kawunka,” in ji ta. “Mu Istanbul za mu. A jirgin sama, hutun nan.”

Maganar ta fita ke nan. Kafin azahar ta riga ta isa unguwa.

Yarinya tana hanyar gida, Halti Jalila mai gidan burodi ta yafuto ta. A garinmu Halti ake ce wa manyan mata, kamar a ce Inna.

“Zo nan, 'yata. An ce Turkiyya za ku? Autana yana karatu a can, duk ya rame. Ɗan man zaitun kaɗan za ki kai masa.”

“To, Halti.”

“Allah ya yi miki albarka. Kin ga yarinyar kirki.”

Yabon ya yi mata daɗi. Da Halti Sa'ida ta tare ta a gaba, ba ta ko jira ta gama bayani ba.

“Bargo ne na saƙa wa 'yata da ke aure a Jamus.”

“Halti, Jamus kusa take da Istanbul?”

“Ai duk ƙetare ne. In kun sauka sai ki tambaya.”

“To, Halti. Jirgi ƙato ne, komai zai ɗauka.”

Haka ta yi ta rabon “to” gida-gida kamar alewa. Ba ta tambayi uwarta ba, ba ta tambayi ubanta ba.

Ranar Lahadi Najat ta tafi kai kayan amarya da ta ɗinka, Munsif kuma yana kan hanya. Ranar ce saƙonni suka iso, yarinya ita kaɗai a gida. Ɗan man zaitun kaɗan na Halti Jalila ya zo a jarka, yaro biyu ke riƙe da ita. Bargo ya zo. Kwalaben niƙaƙƙen barkono suka zo, da busasshen kifi, da kwalin dabino. Ta karɓe duka, ta jera a zaure, har tana jin kanta wata babba.

Da la'asar iyayenta suka dawo kusan tare. Munsif ya tsaya a bakin ƙofa, don babu wurin taka ƙafa.

“Najat, shago muka buɗe ban sani ba?”

Najat ta dubi 'yarta. Yarinya ta sunkuyar da kai.

“Saƙo ne, Baba. Na Istanbul. Ɗaya kuma na Jamus.”

“Wa ya karɓa?”

“Ni.”

“Kin ce musu to?”

“Na ce.”

Munsif ya juya ya koma wurin mai tikiti. Da ya dawo, ya zauna a kan jarkar man, ya cire hularsa.

“Na tambaya. In za a ɗora kayan nan a jirgi, kuɗin masauki da na abinci duk sun tafi. Sai dai mu kwana a titi, mu lulluɓa da bargon Sa'ida.”

“Sai mu mayar musu,” in ji Najat.

“Da wace fuska? Amana ce, ta riga ta shigo gidana. Jalila ce ta zauna da ke a asibiti ranar da aka haifi yarinyar nan. In tsaya a ƙofarta in ce ga kayanki? Gobe a ce Munsif ya samu kuɗin jirgi ya fi ƙarfin maƙwabta.”

“To yaya ke nan?”

“An fasa. Wanda bai tafi ba, ba a ce ya ƙi kai saƙo.”

“Kuɗin tikitin fa, Munsif?”

“Ya tafi.”

Bai daki yarinyar ba, bai ko ɗaga murya ba. Da dukan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Najat ta shiga ɗaki ta fara fitar da rigunan sanyin da ta riga ta ninke a jaka, tana mayar da su cikin akwati. Yarinya ta tsaya tana kallo, hawaye na zuba.

Washegari a makaranta ba ta fita tara ba. Sidi Hadi ya same ta a aji, kanta a kan tebur.

“Matafiyiya, yau babu surutu?”

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama.

“Babanki yana da gaskiya, shi ba zai iya mayarwa ba. Amma wa ya ce to? Shi ne?”

“A'a, Sidi. Ni ce.”

“To bakin da ya ɗaura, shi ne zai kwance. In babba ya mayar da amana, an ce girman kai. In yaro ya je ya ce na yi kuskure, an ce tarbiyya.”

“Za su yi mini dariya, Sidi.”

“Za su yi. Wasu ma za su yi faɗa. Dariya da faɗa ba su kai shekarun da iyayenki suka yi suna tari nauyi ba.”

Da ta koma gida, wannan karon ba ta yi gaban kanta ba. Ta jira babanta ya idar da salla, ta durƙusa.

“Baba, ka ba ni izini in mayar da kayan da kaina. Zan gaya musu ni na karɓa ba da saninka ba.”

Munsif ya gyaɗa kai.

“Je ki. Amma gaskiya zalla. Kada ki ƙara, kada ki rage. Wanda ya yi faɗa, ki tsaya ki ji har ya gama.”

Ta aro amalanke, ta loda kaya, ta fara da gidan burodi. Ta yi wa Halti Jalila bayani. Tikitinsu mai araha ne, kowa jaka ɗaya ƙarama, ta ƙarƙashin kujera. Mai da sauran kayan ruwa ma ba a shiga da su a jakar hannu.

Halti Jalila ta yi dariya har tana dafa bango.

“Ƙarƙashin kujera? Wannan jirgi ne ko motar babanki? Sauke jarkar, 'yata. Autan nawa ya ci man Turkawa, ba zai mutu ba. Da ma kin faɗa tun farko.”

“Ban sani ba, Halti. Ban tambaya ba.”

“Yanzu kin sani. Ungo burodi, ki tura amalanken da ƙarfi.”

Halti Sa'ida ba ta yi dariya ba. Ta fizge bargonta, ta yi faɗa mai tsawo a kan yaran zamani da ba su san nauyin magana ba. Yarinya ta tsaya ta ji har ƙarshe, ta ce, “Ki yi haƙuri, Halti.” Aka rufe mata ƙofa. Kuma faɗan yana kan hanya, ta cancanta.

Haka ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wasim ma ya gan ta, ya ce, “Matuƙiyar jirgi, ina fukafukin?” Ta haɗiye amsar da ta zo mata, ta wuce.

Abu na ƙarshe a amalanken wani ƙunshi ne a cikin farin ƙyalle. Na Halti Mubaraka ne, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. Ɗanta Lutfi yana aiki a wani gidan abinci a Istanbul, ya daɗe bai zo gida ba.

Tsohuwar ta saurari bayanin, ta karɓi ƙunshin da hannu biyu.

“Babu komai, 'yata. Basisa ce kawai. Garin gasasshiyar alkama, da kaina na soya na kai niƙa. Tun Lutfi yana ƙarami da ita yake karyawa. Allah ya kai ku lafiya.”

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora ƙunshin a cinyarta tana shafawa. Wannan ya fi faɗan Halti Sa'ida zafi.

Yarinya ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta rufe. Ta ruga gida, ta ɗauko jakarta, ta zazzage ta a gaban iyayenta. Ta ware sabon takalminta da jar rigar da Najat ta ɗinka mata don ɗaukar hoto.

“Baba, in na bar waɗannan, basisar Halti Mubaraka za ta shiga. Gari ne, ba ruwa ba. Ban ce mata komai ba tukuna. Ka yarda?”

“Takalmin da kika yi ta naci a kansa?” in ji Najat.

“Tsohon bai yage ba, Mama.”

Munsif ya ɗaga jakar ya duba cikinta. Ya dubi matarsa.

“Najat, fito da rigunan sanyin nan daga akwati. Ke kuma je ki karɓo ƙunshin. Ki gaya mata Munsif ya ce amanarta za ta isa, in Allah ya so.”

Ranar tafiya, maƙwabta suka fito rakiya. Har Halti Sa'ida ta leƙo ta taga ta ce a sauka lafiya. Halti Mubaraka ta watsa ruwa a bayan motar, yadda ake yi wa matafiyi don ya dawo gida.

Jakunkuna uku suka shige ƙarƙashin kujera, ba a karɓi ko sisi ba. A Istanbul suka sauka a wani ƙaramin masauki mai tsabta. Lutfi ya zo ya same su a can. Ya kwance farin ƙyallen, ya kai garin hancinsa, ya juya baya na ɗan lokaci yana goge ido.

Ranar hutunsa ya zagaya da su. Ya nuna musu jirgin ruwan da 'yan gari ke hawa zuwa aiki, mai araha, ba na baƙi ba. Ya kai su inda ma'aikata ke cin miyar wake da burodi. Suka yi salla a babban masallaci, Munsif ya daɗe hannuwansa a sama yana godiya. Yarinya ta ɗauki hotunanta da tsohon takalmi, kuma babu wanda ya dubi ƙafarta.

Ana gobe za su dawo, Lutfi ya zo da leda.

“Ƙanwata, ga mayafi mai kauri na saya wa Umma. Za ki kai mata?”

Yarinya ta dubi ledar, ta dubi jakarta.

“Bari in tambayi Baba, Yaya Lutfi. In ya yarda, sai mu gwada ko zai shiga.”

Munsif ya yarda. Suka gwada, ya shiga, daidai wurin da basisa ta bari. Sai a lokacin ta ce, “To.”

Halti Mubaraka ta yi sauran sanyin shekarar da mayafin ɗanta a kafaɗa. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta sa wa yarinyar albarka. Ita kuma yarinyar ta gode wa Allah, ta gode wa iyayenta da suka yafe mata, ta gode wa Sidi Hadi da ya nuna mata hanya.

Ku yara, ku ji da kyau. In babba ya ce ku yi shiru, ku yi shiru, ko ba ku gane dalili ba. Kada ku ce “to” a kan abin da ba ku tambaya ba, don alkawari kaya ne, wani lokaci iyayenku ne za su ɗauka. In kuwa kun riga kun yi kuskure, ku tafi da ƙafarku ku gyara.